Muryar da Aka Ara wa Baba

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Mu nan kalau, sai idon Mama da ke ƙara dushewa. Yanzu da murya take gane mai shigowa.

Saƙonka ya same ni a ɗakin tace fim, kuma amsata a'a ce. Ka ce masu rarraba finafinai a ƙasashen waje sun duba fim ɗinmu, komai ya yi musu sai sautin fitowar Baba: wai muryarsa ta dishe, ga tari, ga ƙarar fanka. Don haka in cire, a samo wani ya maimaita maganganun da murya garau. Yaya, ko kunya ba ka ji ba da kake rubuta wannan? Kai ka tallafe shi zuwa kujera ranar da muka ɗauka, kana ganin yadda yake jan numfashi tsakanin kalma da kalma. Sati uku bayan nan muka binne shi. Mutumin da ya shekara talatin yana fitowa a fim, fitowarsa ta ƙarshe ce za a yi masa aron baki?

Na gaji da wannan karatun naka, wai ba a sanin masana'antar ƙasa ta girma sai an kalle ta a waje. In tarin mahaifinka ne zai hana ta girma, ta zauna yadda take. Ni dai hannuna ba zai taɓa sautin nan ba.

Ka gaida matarka da yara.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ka ne don an hore ni da gaida na gaba. Lafiya kam na san kana cikinta, tunda na ji ka a rediyo kana jero ƙasashe goma sha huɗu da suka karɓi fim, baki har kunne.

Ashe ranar da na kai Mama asibiti ka aiko aka ɗauke na'urar ajiya daga teburina, ka ba wani ya yi aikin sauya muryar Baba. Da ta dawo hannuna babu inda ban bincika ba. Ya ɗora sabon sautin a kan tsohon bai ajiye kwafi ba, abin da duk mai tace fim ya san ba a yi. Kai kuma ko tambaya ba ka yi ba. Laifina ɗaya ne, na yarda da kai har ban ajiye nawa a gida ba, kuma wannan na cina.

Jiya Mama ta matsa sai na kai ta sinima. Ta sa kayan da ta fi so, ta ce in zaunar da ita kusa da lasifika tunda ido ya ƙi. Na kasa gaya mata. Baba ya fito, ya yi minti shida yana magana da muryar wani ƙato mai ƙoshin lafiya, ya wuce. Mama ta karkata kunne tana saurare, ko motsi ba ta yi ba. Da aka kunna fitilu mutane suka fara fita, sai ta riƙe hannuna ta ce mu dakata tukuna, ai babanmu bai fito ba.

Na ce mata kai ne mai fim, kai za ka yi mata bayani. Ta sa na kira ka sau uku ba ka ɗauka ba. Tana nan tana jira, kuma wannan karon ba zan rufa maka asiri ba.

Ka huta lafiya, in za ka iya.

Auta