Sukarin da Ya Rage

Zango, daren Alhamis, shekara ta biyu ana fari

Yau ma na raka maigidana Malam darasin masu ciwon sukari a asibiti, tunda nasa hawa da sauka yake ba zato. Ma'aikaciyar jinya ta ce duk wanda ya yi allurar sukari dole ya ci abinci. Ban gaya mata geronmu ya ƙare ba.

Da la'asar ya zube a zaure, gumi sharkaf, jiki na rawa. Na jiƙa ɗan sukarin da ya rage, na ba shi da cokali yadda aka koya mana. Da ya dawo hayyacinsa ya ce, "Hadiza, ke da yara kun ci?"

Na ce mun ci. Ko tsoron yin ƙaryar ban ji ba. Gobe da safe akwai wata allurar.