Maɗin Ranar Wawashe Itace

Jönköping, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga Hjördis tamu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin bana bai takura miki ba. Ni ce Viveka, ƙaramar 'yar gidan Stjernholm, inda kika yi aiki. Matan cocinmu za su buga ɗan littafin girke-girken Kirsimeti, na kuma yi alkawarin ba su maɗin alewar na'ana'a na Mama, wanda ake zubawa a gahawa. Tunda kin sha taya ta, ko za ki tuna yadda take yi? Ranar ashirin da takwas za a kai wa masu bugawa.

Taki,
Viveka

Eksjö, 13 ga Nuwamba

Viveka,

Ina gaisuwa. Gunvor ta ɗakin kusa ce ke rubuta mini, don kin san ban yi karatu ba. Tsohuwar ma'aikaciyar gidan waya ce, ta ce in sassauta harshe, na ce ta riƙe alƙalaminta in riƙe bakina.

Wai na sha taya ta! Yarinya, shekara goma sha ɗaya na yi a gidanku, sau biyu na ga uwarki a madafa. Na farko ta zo neman karenta, na biyu ta zo ta ce na cika cin man shanu. Matar da ba ta san inda ake rataye ludayi ba ita ce mai maɗi? A gaban baƙi dai tana ɗaukar kwalbar, tana karkata wuya, tana cewa "ɗan abin hannuna ne", ni kuwa ina tsaye bayan ƙofa da faranti.

Ga yadda ake yi, ba rowa zan yi ba. Ki daka alewar sandar nan mai ja da fari, ruwa kofi ɗaya, sukari kofi ɗaya, wuta kaɗan-kaɗan, kina juyawa har ta narke ta koma ruwan hoda. Ki tace a ƙyalle sau uku. Amma sunana za a sa a littafin.

Ki gaida ƙafarki, na ji an ce da sanda kike tafiya yanzu.
Hjördis

Jönköping, 18 ga Nuwamba

Hjördis,

Na gode, ko da yake bai kamata a taɓa wadda ke kabari ba. Na sayo alewa mafi kyau daga garin Gränna. Na farko ya daskare a tukunya, sai da na jefar da ita. Na biyu ya yi, amma zaƙi ne kawai. Na Mama yana da wani ɗan ƙamshi na daji mai ɗaci-ɗaci, har yau ina jin sa a harshena. Akwai abin da kika ɓoye. Maganar suna kuwa, na riga na gaya wa matan cocin cewa na Mama ne. Ba za a iya cewa "na gidan Stjernholm" ba?

Viveka

Eksjö, 21 ga Nuwamba

Viveka,

Muna lafiya. Gunvor ta yi dariya har haƙoranta na roba suka zame. Na ce wuta kaɗan-kaɗan, kika hura ta kamar za ki toya alade. Jinin uwarki ne, ba laifinki ba.

Gidan Stjernholm ba shi da hannu, bai taɓa juya tukunya ba. Hjördis Blomgren. Ki aiko mini da shafin da sunan a kai, Gunvor ta karanta mini, sannan ki ji sauran.

Hjördis

Jönköping, 24 ga Nuwamba

Hjördis,

Ga shafin. Na sha kunya a gaban matar limaminmu. Sai ki faɗa.

Viveka

Eksjö, 26 ga Nuwamba

Viveka,

Gaisuwa. An karanta mini sau biyu. To, buɗe kunnenki.

Kin tuna ranar Knut ta watan Janairu, da ake gayyato yara su wawashe itacen Kirsimeti kafin a jefar da shi? Ku da 'ya'yan likita kuna tsalle, kuna fizgar alewa daga rassa, ku lasa ku yar, ku tattake. Da kun watse uwarki ta ce in share, kuma kada in zubar da ko ɓarɓashi, wai sukari ba a rijiya ake ɗibar sa ba. Sai in tara sharar a gwangwani: guntayen alewa, da busassun ganyen itacen masu kama da allura, da gashin karenta. Gwangwanin ya shekara a kan kantar madafa, Disamba ta zo in dafa. Kin zaci don ado ake tacewa sau uku?

Wannan ƙamshin daji da kike kewa, ganyen da na sharo daga ƙasan falonku ne. Alƙali ya sha, ya nemi ƙari. Mijin da kika aura ma a ranar baikonku kofi uku ya sha, ina kallo. Wata shekara na tsamo maɓallin wando a ciki, na wanke na ɗinka wa babanki.

Idan kina son ki yi na masu tsabta, ki jefa ɗanyen reshen irin itacen a tukunya, ki cire kafin ki tace.

Ki huta lafiya.
Hjördis

Jönköping, 28 ga Nuwamba

Hjördis,

An kai littafin. Na sa an cire sunan gidanmu gaba ɗaya daga shafin. Naki ne ke kaɗai.

Viveka Stjernholm

Eksjö, 15 ga Disamba

Viveka,

Littafin ya iso. Shekara sittin da takwas abin yana na uwarki, ranar da kika ji shara ce kika dawo mini da shi a guje. Na karɓa. Gunvor ta ɗora yatsana a kan sunan, ta ce an rubuta shi daidai.

Barka da Kirsimeti. Ki tace sau uku.
Hjördis Blomgren