Ƙafar Baba a Nagoya

Nagoya, ranar Lahadi

Zuwa ga matata Bara'atu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya ke da Muhsina da Rashida. Yaya zafin Konni? Ki gaishe mani da Inna da wanki Mumuni da mutanen garaji. Mun sauka lafiya, sai godiyar Allah.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Rubutawa nake in ɗauki hotonta in turo, don ba ni da inda zan tsaya in yi magana da ke. Cikin jirgin ƙasa ba a amsa waya, mutane cike amma shiru kamar an tada salla. A masauki kuwa ɗaki guda aka ba mu, ni da Baba. E, ɗaki guda! Yi dariyarki ta ishe ki. Ni da tun da na aure ki ban taɓa kai loma baki gaban mahaifinki ba, in na hango shi tafe bakin tasha sai in sake hanya, yau ga gadona ga nasa. Da bizar Mumuni ta fito, da ina can ƙarƙashin mota hankalina kwance. Amma Baba ya ce yana son mai jin kukan inji, shi ne aka tuna da makanikin gida. Abincina a tsaye nake ci, bayan wani kanti.

Garin nan ba ya faɗuwa. Ba ka ganin kwandon shara, kuma ba ka ganin shara, kowa aljihunsa yake zuba tasa. Akwai akwatuna bakin titi masu sayar da shayi mai zafi ba mai tsaro. Ƴan yara ƙanana kamar Rashida suna tafiya lakwal wajen karatu su kaɗai da ƴan hulunansu masu ruwan ɗorawa. Bayinsu kuwa shi ke yi wa mutum tsarki da ruwan ɗumi. Ranar farko na danna abin da ban sani ba, sai da na sake wando.

Mutumin da Baba ke sayen tsofaffin injuna wurinsa, Malam Morita, dattijo ne mai kirki. In ya sunkuya gaisuwa sai in durƙusa, shi kuma ya ƙara sunkuyawa, har sai wani ya gaji. Turancinsa guntu ne kamar nawa, da shi muke lallaɓawa.

Abu guda ke damuna. Nan ko'ina sai an tuɓe takalmi, har buro, wato ofis. Na lura Baba yana daɗewa kafin ya zare na hagu, kuma ba ya cire safa ko wajen alwala, shafa yake yi a kai. Jiya na ga safar ta jiƙe wajen babban yatsa. Kin san yana da ciwon suga. Ko ya ji ciwo kafin mu taso?

Ki sumbaci yara. Naki,
Sharifu

Nagoya, ranar Alhamis

Bara'atu,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan zazzaɓin Muhsina ya sauka. Na ga amsarki, cewa salansar moto, bututun hayaƙin babur, ita ce ta ƙone Baba ana jibi za mu taso, ya hana a faɗa don kada a fasa tafiya.

Ƙafar ba ta da kyau. Yanzu ɗingishi yake, kuma in ya shiga ɗaki akwai wari. Nakan buɗe taga in yi kamar titi nake kallo. Sau nawa na shirya maganar a bakina, in na ɗaga kai na ga gefen hularsa sai harshena ya mutu. Ta ina zan fara? In ce wa surukina ya tuɓe safa in gani? A gida ba sai na buɗe baki ba. Da na je wurin abokinsa na tasha na raɗa masa, shi ya same shi da wasa da dariya har ya kai shi asibiti. Nan wa zan aika? Ko maƙwabcin ɗakinmu ban san kamanninsa ba, in mun haɗu a ƙofa kowa ƙasa yake kallo.

Abin da ya fi ba ni haushi, Malam Morita ma ya gani. Mutanen nan su ma ashe kunya gare su, ta fi tamu ma. Shekaranjiya ya kai mu gidan abinci inda ake zama ƙasa, aka kawo ɗanyen kifi yanka-yanka kamar za a yi talla. Da ya ga Baba ya kasa lanƙwasa ƙafa, sai ya ce wai shi bayansa ke ciwo, a kawo kujeru. Jiya kuma muka tarar da silifa masu faɗi da ledar magani an ajiye bakin buronsa. Baba ya sa silifan, ya bar ledar nan inda take. Haka muke yini mu uku cikin injuna, kowa ya sani, kowa yana yi wa kowa ladabi. Har gayyatarmu ya yi gidan wankan ruwan zafi, inda maza ke shiga tsirara gaba ɗaya. Na ce mura nake, tun kafin ya rufe baki.

Don Allah ki sami Inna ta kira shi. Kada ta ce daga ni ta ji.

Mijinki,
Sharifu

Nagoya, ranar Litinin

Bara'atu,

Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Ni dai ga ni.

Inna ta kira Baba, kuma kin san Inna, ba ta iya kewaye ba. Ina zaune na ji muryarta tana fita daga wayar. Da ya ajiye bai dube ni ba. Ya ce wa bango, shi ya ɗauko makaniki ne, bai san ya ɗauko likita ba. Tun ranar in na gaishe shi da kai yake amsawa. Ya ce sai an rufe kwantena an kai tashar jirgin ruwa zai bar garin nan, in ya so a duba ƙafar a asibitin Galmi.

Ba ya cin abinci. Jikinsa zafi, ina jinsa daga gadona. Na sayo masa ruwa da lemu na ajiye kusa da shi kamar mantawa na yi. Da asuba na ga yana salla a zaune, mutumin da ke tsayuwar tarawihi tun daga farko har ƙarshe.

Yau da muka fito, iska ya ɗauke masa hula a gar, tashar jirgin ƙasa, wata tsohuwa ta bi mu da gudu har bakin jirgi ta miƙo ta da hannu biyu tana sunkuyawa. Mutanen da ke bin baƙo da hularsa, amma ba mai tare shi ya ce malam, ƙafarka. Ni ma da nake zarginsu me na yi? Wallahi Bara'atu na rasa inda zan sa kaina. In na yi magana na yi rashin kunya, in na yi shiru ina kallonsa yana lalacewa.

Ku sa mu cikin addu'a.
Sharifu

Nagoya, ranar Asabar

Matata Bara'atu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya da yara. Ki sami wuri ki zauna kafin ki ci gaba, kuma ki fara da sanin cewa Baba yana da rai.

Ranar Talata ya faɗi a matakalar gar. Kafin in gama salati ma'aikata sun kewaye shi da wani labule don kada a kalle shi, motar asibiti ta zo. Can suka yanke safar da almakashi. Ba zan gaya maki abin da na gani ba. Likitar mace ce, ƙarama, ta tambaye ni tun yaushe. Na faɗa mata. Ta rubuta kawai, kuma da ta zage ni da ya fi mani sauƙi.

Suka ce dafin ya shiga jini, ba zai iya hawan jirgi ba, in ba a cire ƙafar daga ƙasan gwiwa ba ba zai kai Juma'a ba. Shi kuwa ba ya cikin hayyacinsa, sunan direbobinsa na da yake kira. Suka ce wane ne nasa a nan. Na waiwaya, ba kowa sai ni. Na kira Mumuni, ya fashe da kuka ya ce in yi abin da na gani. Na ce ya ba Inna wayar, ya ce ba zai iya ba. Ke kuwa ban kira ki ba, na san halinki, ki gafarce ni. Malam Morita yana tsaye gefena, kansa ƙasa, hawaye na ɗiga kan takalminsa. Ni da ban iya ce wa Baba ya tuɓe safa ba, ni na ce a yanke.

Ya farka shekaranjiya. Ya daɗe yana kallon inda bargo ya kwanta, sannan ya juya fuska bango. Na zauna ina jira ya zage ni, ko ya kore ni, ko ya tambayi wa ya ba da izini. Bai yi ko ɗaya ba. Ma'aikatan suna shigowa su sunkuya su yi masa magana a hankali da yarensu, ba ya ko motsi. Abincin da suka kawo yana komawa yadda ya zo.

Yau da hantsi ya so zagayawa. Wata ma'aikaciya ta matso za ta taimaka, ya girgiza kai. Sai ya miƙo mani hannu, bai dube ni ba. Na sa hannu ɗaya bayansa, ɗaya ƙarƙashin cinyarsa, na haɗa ƙarfi kamar yadda nake yi in zan ɗaga kan inji. Saura kaɗan mu faɗi baya. Bara'atu, mahaifinki ba ya da nauyi ko kaɗan. Ya riƙe wuyan rigata, ya kwantar da kansa a kafaɗata, har muka je muka dawo bai saki ba.

Ban san ranar da za su sallame mu ba. Ki je gida da kanki ki gaya wa Inna, kada ta ji a bakin mutanen tasha. Ni ba zan iya ba.

Naki har kullum,
Sharifu