Gangar Noman Baba

Laraba da dare, Damagaram

Na dawo daga Hamdara hannu rabbana. Na je ne in ɗauki kiɗan noman Baba a waya tun yana da sauran ƙarfi. Har sabuwar fata na sa aka ɗaura wa gangar.

Baba ya buga sau biyu, ya ajiye makaɗi. Ya ce, "Ba a kiɗan noma a zaune. Samo mini masu duƙawa."

Na zaga garin kaf, samari duk sun tafi neman kuɗi. Na roƙe shi ya rera waƙar kawai. Ya ce, "Kowane baiti sunan mutum ne. Wa zan kira ya amsa?"

Yanzu na saurari abin da wayar ta ɗauka. Bugu biyu ne, sai tarin Baba.