Kujerar Gizlan

Kazablanka, Litinin

Zuwa ga Yemma,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiya lau nake a gidan ƙanwarki Zahra. Wanda zai karanta miki ya yi haƙuri da rubutuna, a aji uku na tsaya.

Yemma, na ga yayana, Dadda Lahsan. Kar ki gaya wa Baba tukuna.

Wani mai gyaran waya ne ya gane hotonsa. Ya ce, "Ai wannan mawaƙin pank ne!" Na ce mene ne pank? Ya ce, "Ihu da jita, 'yar ƙauye. Da su huɗu ne, in suna wasa samari sai ture juna kamar raguna. Yanzu shi kaɗai yake yi, ran Lahadi bayan la'asar."

Jiya na je. Tsohon garejin mota ne. Mutum kamar talatin, baƙaƙen riguna masu ƙusoshi, gashin wasu a tsaye kamar zankon zakara. Na ɗauka faɗa za a yi. Sai duk suka zauna a ƙasa tsit, kamar gidan rasuwa. Ni kuwa ban so jallabiyata ta sha baƙin mai. Na hango kujera ba kowa can gaba, da kofin shayi a ƙarƙashinta, na je na zauna. Wata mai zobe a hanci ta zaro ido ta ce, "Ke, tashi!" Kafin in motsa ya shigo.

Ya rame, Yemma. Har da furfura. Jitar katako ce a hannunsa, ba lasifika ba komai. Ya tsaya a gabana ya ba ni baya, bai ko dube ni ba. Muryarsa kamar ana jan kwano a kan dutse, amma a hankali. Waƙa ta uku, wallahi taki ce ta wurin niƙa, ya sa mata kalmomin fushi. Ana tsakiyarta ya ƙirga, "Ɗaya, biyu, uku, huɗu," ya ɗauke hannu. Kowa ya sunkuyar da kai. Shirun ya yi min nauyi, kawai na ji hannuwana suna buga cinyata kamar bandirin biki.

Bai waiwayo ba. Ya ce, "Kin makara, Gizlan." Ya ci gaba.

Ashe Gizlan mai gangarsu ce, ta rasu shekara biyu ke nan. Kujerarta ce, shayinta ne, shirun nan ma nata ne, wurin da take shigowa da kiɗa. Ban sani ba, Yemma.

Da aka tashi na ce, "Dadda, ni ce Itto. Baba yana kwance, kai yake kira." Hannuwana ya kalla, ba fuskata ba. Ya ce, "Itto ai yarinya ce, tana can bayan awaki. Lahadi ki zo da wuri."

Ki yi min addu'a.

'Yarki,
Itto

Kazablanka, bayan mako uku

Yemma,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba da jiki. Saƙonki ya iso ta wayar Zahra, cewa ya daina cin abinci. Na yi kuka.

Ban ɓoye miki ba, ina komawa garejin. Mai zoben hancin nan, Sukaina sunanta, ita ta biyo ni har gida. Ta ce, "Ke 'yar tsauni, kin san abin da kika yi? Shekara biyu muna ɗura wa Lahsan miya kamar jariri, ranar nan burodi biyu ya cinye. Ki zo ki zauna kawai, ba cizo muke ba." Har sandunan kiɗan Gizlan suka ba ni.

Abin da ke ba ni tsoro, akwai waƙoƙin da ban taɓa ji ba, amma hannuna ya san inda zai faɗa. Sukaina ta ce har kaina nake karkatarwa irin na Gizlan. Shekaranjiya Zahra ta kira sunana sau uku ban waiwayo ba, kuma ina jin ta.

Sau huɗu ina ce masa ni ce Itto, sai ya tashi ya bar wurin. To jiya na yi abin da ban sani ba ko zunubi ne. Ina kan kujerar na ce, kamar ni ce Gizlan, "Lahsan, ka kai ni in ga tsohonka mana." Ya yi dariya, ya ce, "Sai yau? Shekara nawa ina roƙonki!" Da kansa ya je tasha ya kama mana wuri.

Alhamis za mu iso, in Allah ya yarda. Ki gaya wa Baba ɗansa na hanya, ya daure ya ci wani abu. Amma Yemma, ina roƙonki, ki ja kunnen kowa a gida. In mun shigo kar wanda ya rungume ni, kar wanda ya ce Itto. Ki yi min sannu da zuwa irin ta baƙuwa, ki ba ni shayi, har sai ya shiga ɗakin Baba ya durƙusa.

Bayan nan ki ja ni madafa, ki rufe ƙofa, ki kira sunana da ƙarfi. In ban amsa ba, kar ki daina.

'Yarki mai kewarki,
Itto