Sunanta a Bakin Maryam

Daren Laraba, Malumfashi

Har yau ban cire lambar marigayiya 'yata daga gurup ɗinsu na koyon haɗa manhajar kwamfuta ba. Wayarta na hannuna. Ɗazu na ga ƙawarta Maryam ta rubuta musu gaskiyar wahalar da suka sha: malami yana gudu da darasi, sabis sai an je bayan rumbu, ta sha kuka. Ta ce, "Da ba don ita ba, da na bari," ta kama sunan 'yata gatsau. Yanzu ta samu aiki.

Na yi ƙyashi, Allah ya yafe mini. Ba aikin kaɗai ba. 'Yar fari ce, kunya ba ta taɓa barina na kira sunanta ba har ta koma ga Allah. Na rufe ɗaki na gwada faɗinsa a hankali. Baƙo ne a bakina.