Injin Jif Ɗina Yana Kan Tabarmar Yayana

Malam Zaharaddeen, assalamu alaikum. Don Allah ka taimake ni da shawara, domin abin da ke cikina ya kai inda in ban faɗa wa wani ba zan aikata abin da zan daɗe ina nadama. Kada ka buga sunana, garinmu ƙarami ne.

Ni malamin gona ne. Shekara goma sha ɗaya na yi ina aiki a Sakkwato, da aka yanke jihar Kebbi bara waccan aka maido ni gida, Wara, a bakin tafkin Kainji. Kafin in taso na sayi wata tsohuwar jif mai shan gas, wato dizal, a gwanjon wasu masu haƙa rijiyoyi. Ta tsufa, ban musa ba, amma injinta lafiya lau yake, ko hayaƙi ba ta yi. Da ita nake shiga ƙauyukan Ngaski da damina, da ita nake kai Inna asibiti a Yelwa a duba ƙafarta. Ban taɓa mallakar abin da ya kai ta ba.

Ina da yaya, uwa ɗaya uba ɗaya, Yaya Mati. Shi ya fitar da ni daga jirgin kamun kifi ya sa ni makaranta bayan rasuwar mahaifinmu, wannan ba zan ɓoye ba. Gyaran injin jirgin ruwa yake yi, kuma duk bakin tafkin nan an san hannunsa. Masunta ma Likita suke ce masa.

A watan Oktoba na tafi Birnin Kebbi tantance ma'aikata, kwana huɗu. Yaya Mati ya zo ya karɓi makulli a hannun matata, wai zai ɗauko injin wani masunci a ƙauye. Ita ta isa ta hana yayan miji? Hanyar tana ratsa wani kwari da ruwan tafki ke shigowa in ya fara cika. Mutane suka ce ya dakata, ya ce shi da aka haifa kafin a yi dam ya san ƙasan ruwan nan, gonar geronmu ce a da. Ya shiga. Ruwa ya haura fitilu, mota ta mutu a tsakiya.

Da a nan abin ya tsaya da na haƙura, tsautsayi ne. Abin da ya biyo baya ne ke cin raina. Masunta suka jawo ta waje da igiyar taru. To a sana'arsa, in inji ya faɗa ruwa ba a jira: a cire fulogi, a ja igiya ruwa ya fita, a tayar nan take kafin tsatsa ta kama. Ya buɗe bonet ya nemi fulogi bai gani ba, don motar gas ba ta da irinsa. Ya murɗa makulli, inji ya ƙi juyawa. Maimakon ya tsaya, sai ya ce batir ne ya sha ruwa. Ya tara ƙarti goma sha biyu suka tura ta da gudu a kan fako, ya sa giya ta biyu ya saki kuloci. Waɗanda ke wurin sun ce ƙarar da ta yi kamar an sara gatari a kan dutse. Tun ranar ba ta sake tashi ba.

Da na dawo na tarar ya riga ya sauke injin, ya kai rumfarsa ta bakin kasuwa, ya warware shi ɗaya bayan ɗaya a kan tabarma. Na tsaya a kansa ina jiran kalma ɗaya tak. Sai ya kira sunana ya ce, "Wanga inji dama ruɓaɓɓe na, cutar ka anka yi Sakkwato. Ba ni sati biyu." A gaban mutane, Malam.

Sati biyu ya zama wata uku. Jif tana ƙofar gidana a kan duwatsu, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Kwanrod biyu, wato ƙarafan da ke riƙe da fistan, sun lanƙwashe, ya kai su maƙera aka gasa aka miƙe da guduma. Kullum yana wanke kayan da kananzir, ya shafa musu mai, ya rufe da tsohon zanen Inna. Na je Yelwa na sami Bitrus, makanikin da ke duba mini motar tun da na dawo. Ya ce ƙarfen da ya sha wuta da guduma in aka mayar da shi, wata rana zai karye ya fasa injin ya fito waje, wataƙila ina tsakiyar daji. Ya ce ko in kawo kayan ya auna ya ga ko za su gyaru, ko in nemo injin Beljiyam, wato tsohon inji da ake shigowa da shi daga waje, a ɗora.

Ga inda na maƙale. Ranar da na aika a kwashe kayan nan daga rumfarsa, duk kasuwa za ta gani. Tun yanzu masunta sun fara yi masa ba'a, in ya wuce su ce, Likita, ya mai jiki? Wasu sun fara kai injinansu wurin wani. Inna ta kira ni ta ce in bar ɗan'uwana ya gyara abin da ya ɓata, kada in tona masa asiri, wai ranar da ta mutu ba mota ce za ta ɗauki makararta ba, mu biyu ne. Ita kuwa yanzu a bayan a-kori-kura nake kai ta asibiti, tsakanin kwandunan kifi. Ni da shi da ba ma raba kwano, wata uku ke nan ba mu sa hannu tare ba.

Zan faɗa maka gaskiya. Akwai ranakun da nake ji kamar in ɗauko motar haya ranar kasuwa, da rana tsaka, in kwashe kayan kowa na kallo, ya ɗanɗana abin da na ɗanɗana. Don ya sa ni makaranta, shi ke nan ba ni da bakin cewa an cuce ni? Babba ba ya laifi ne? In gyara ko in sauya? In na sauya na rasa yaya, in na bar masa na rasa mota, wataƙila har da rai.

Naka, Mai Jif a Kan Duwatsu, Wara.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa.

Tambaya biyu ka sa a ambulan ɗaya, ta ƙarfe da ta jini. Ta ƙarfen ta fi sauƙi, da ita zan fara, kuma sai da na zauna da makanikai biyu masu aikin motocin gas kafin in ɗauki biro.

Ruwa ba ya matsuwa. Iska fistan ke dannewa, in ya tarar da ruwa a silinda, ko ya tsaya ko wani ƙarfe ya ba da kai. Lokacin da makulli ya kasa juya injin, ba batir ba ne, ruwan ne ya tokare shi. Da an cire nozul an juya shi ruwan ya fita, an sauya baƙin mai da matatar iska, da wataƙila yau kana kan hanya. Turin nan ne ya kashe shi. Saboda haka zancen dama ruɓaɓɓe ne ba shi da tushe, kuma kana da gaskiya da ya yi maka zafi.

Bitrus ya faɗi daidai. Kwanrod ɗin da aka gasa ba ya komawa cikin inji, ko wa ya miƙe shi. A nan babu sassauci ko da Inna ce ta roƙa, domin ita ce za ta zauna a kujerar gaba.

Gyara ko sauyi kuwa, awo ne zai yanke, ba ni ba, ba kai ba. A duba gangar jikin injin ko ta tsage, kiranshaf, wato sandar ƙarfen da kwanrod ke juyawa, ko ya karkace, da kan silinda. In sun tsira, gyara ya fi: sababbin kwanrod, fistan, ringi da gaskit, ka ci gaba da injin da ka san tarihinsa. In gangar jikin ta tsage ko kiranshaf ya tafi, nemi Beljiyam. Sai dai Beljiyam ma tsohon inji ne da aka wanke, ba ka san wahalar da ya sha ba. A tayar da shi a ƙasa a gabanka yana sanyi, ka ga launin hayaƙinsa, ka tabbatar ya dace da giyabos ɗinka. Ka karɓi rasit mai lambar inji, ka je ofishin lasisi a gyara takardunka, in ba haka ba shingen farko a hanyar Kwantagora zai tuna maka.

Yanzu ta jinin. Yayanka ya yi laifi biyu: ya ɗauki mota ba da izininka ba, ya kuma ɗora wa injin laifinsa a gaban jama'a. Riƙon da ya yi maka bai shafe su ba. Amma turin da ya sa aka yi ba mugunta ba ce. Ƙa'idar da ya bi ita ta ceci injinan masunta shekara da shekaru, kuskurensa shi ne ya ɗauka duk inji na jirgi ne. Kuma wanda bai damu ba ba ya yin wata uku yana wanke ƙarfe da kananzir. Tabarmar nan ita ce ban-haƙurinsa, da hannu yake yi don baki ya yi masa nauyi. Bai isa ba, na sani. Amma ka lura da shi.

Kai ma da naka. Tun da ka dawo daga wurin Bitrus ka san injin ba zai tashi a hannun yayanka ba, ka yi shiru ka bar shi yana fama masunta na dariya. Ramuwar da ka ce kana tunani ka riga ka fara ta. Motar ranar kasuwa za ta sanyaya maka rai yini ɗaya, ta karya sana'ar da ke ciyar da gidansa, kuma kai za a riƙa nunawa da baki.

Ga abin da zan yi in ni ne. Ka same shi a gidansa, ba a rumfa ba, ba gaban Inna ba. Ka faɗa masa sau ɗaya, ba da ɗaga murya ba, cewa kalmar "ruɓaɓɓe" ta fi ƙona maka rai a kan motar. Sannan ka ce kayan suna bukatar awon da babu na'urarsa a Wara, ka roƙe shi ya loda su a jirginsa ya kai Yelwa da kansa, ku tafi tare. Abin da kasuwa za ta gani shi ne Likita ya ɗauki majinyacinsa zuwa babban asibiti, kuma ba ƙarya aka yi ba. Ka gaya wa Bitrus tun da wuri ya yi awon a gabansa, ya miƙa masa ma'aunin ya gani da idonsa. Mai sana'a yana karɓar hukuncin ma'auni inda ba zai karɓi na ƙanensa ba. In ta kai ga sayen Beljiyam, ka tafi da yayanka, kunnen da ya shekara ashirin yana sauraren inji ba abin yarwa ba ne, muddin Bitrus ne mai yanke magana.

Wataƙila a cikin jirgin nan ya ce ka yi haƙuri. Wataƙila har abada ba zai ce ba, ka shirya wa wannan. In ya ƙi tafiyar, ka ba shi mako guda, sannan ka kwashe kayanka ranar da ba kasuwa, ka gaya wa Inna dalili: ba za ka ɗora ta a kan ƙarfen da aka gasa ba. Makulli kuwa daga yau aljihunka, kada ka sake barin matarka da nauyin hana yayan miji.

Allah ya tashi jif daga kan duwatsu, ya ba Inna lafiyar ƙafa, ya maido ku kwano ɗaya.

Zaharaddeen